Kafin ka ci ladan kuturu

Kwanakin baya aka turo mana da takardar yarjejeniyar wani tallafin bincike da muka daɗe muna nema, ni da Farfesan da nake ƙarƙashinsa da wasu mutum biyu. Wanda bai taɓa zaman jiran irin wannan imel ɗin ba ba zai gane ba, wata da watanni kana buɗe waya kana rufewa har ka fara zargin ko sabis ne ya cinye saƙon. To ranar da ta iso Farfesa ya kira ni yana dariya, ya ce Malam an dace, ka buga ta ka sa hannu a inda sunanka yake, gobe da safe a miƙa sama. Na ce ranka ya daɗe ai shafi arba'in ne da ɗoriya. Ya ce to jarrabawa za a yi maka a kai? Duba shafin kasafi ka ga ko sun taɓa alawus ɗin fita ƙauye, sauran duk turancin lauyoyi ne, haka suke rubuta wa kowa.

Ni ma dai kar in yi muku ƙarya, shafin kasafin na fara buɗewa. Na ga kuɗin mai, na ga kwamfuta biyu, na ga alawus, na lissafa shi da canjin dala na ranar, har na fara ganin rufin ɗakin da ke mana yoyo ya gyaru. Aikin shi ne gwada wata 'yar na'ura ta auna ƙarancin jini ga masu juna biyu a ƙananan asibitocin karkara, kuɗin zai biyo ta hannun wata jami'a ta waje, wani kaso daga gwamnatinsu, wani kaso daga kamfanin da ya ƙera na'urar. Da daddare aka ɗauke wuta, zafi ya hana barci, ba abin yi, sai na jingina da bango na fara karanta sauran shafukan a waya don dai lokaci ya tafi. Ban ajiye ba sai wajen ƙarfe biyu, kuma tun daga ranar nake son in rubuta wannan.

Sashen da ya fara tsayar da ni shi ne na maguɗi a bincike. Abu uku suka ambata, ƙago sakamakon da ba a samu ba, murɗe wanda aka samu ko ta sauya lamba ko ta goge wadda ba ta yi maka daɗi ba ko ta taɓa hoto, sai kuma satar aikin wani ka liƙa sunanka. Wannan rabon uku ba lauyansu ne ya ƙirƙira ba, daga tsarin gwamnatin Amurka aka kwaso shi, wanda ta fitar a Disambar 2000, kuma akwai ofis guda a ƙarƙashin ma'aikatar lafiyarsu mai suna ORI da aka kafa a 1992 wanda aikinsa ke nan, sa ido a kan masu cin kuɗin binciken lafiya na gwamnati. Duk jami'ar da ta karɓi kuɗin NIH, wato hukumar gwamnatin Amurka mai ba da tallafin binciken lafiya, sai ta tabbatar musu a rubuce tana da hanyar bin ba'asi idan aka zargi wani malaminta, ta kuma riƙa aika rahoto duk shekara. Kuma hanyar ba ta wasa ba ce. Idan zargi ya taso, tun kafin ko a daidai lokacin da za a sanar da kai za a kwashe littattafan ɗakin gwajinka da fayilolin kwamfutarka a kulle, don kar ka kwana kana gyara, sannan a yi binciken farko a ga ko maganar tana da tushe, in tana da shi a kafa cikakken kwamiti. Ana iya komawa baya har shekara shida. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne sun faɗa a fili cewa kuskure na tsakani da Allah da saɓanin fahimta ba sa cikin laifin, wato ba wai don ka yi lissafi ya karkace za a rataye ka ba, sai in da gangan ne ko kuma sakaci ne irin na ko oho.

Ta ina za a bambance kuskure da ganganci? Ta takardunka na asali. Shi ya sa sashen da ke biye ya ce a adana komai, fom ɗin da aka cike da biro, littafin da aka rubuta sakamakon kowace rana, fayil ɗin farko kafin a share masa ƙura, a ajiye shekaru bayan an rufe aikin. A dokar tallafin gwamnatin Amurka mafi ƙaranci shekara uku ne daga ranar miƙa rahoton kuɗi na ƙarshe, wasu masu ba da tallafin sun fi haka nesa ba kusa ba. Daga farkon 2024 ma NIH ta ƙara sharaɗi a kan irinmu na ƙasashen waje da ake yanka wa kaso daga tallafin wata jami'ar Amurka, cewa aƙalla sau ɗaya a shekara sai an ba wa uwar jami'ar damar ganin kwafin littattafan gwaji da duk bayanan da aka tara. Na tuna sito ɗin sashenmu inda gara ta cinye rabin kwalayen wani aiki na shekarun baya, sauran kuma na taɓa gani da idona an ƙunsa ƙosai a ciki a bakin get, sai na ji jikina ya yi sanyi.

Bari in faɗi wani abu da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Bayan na gama bautar ƙasa, ba aiki, na samu shiga cikin masu zagayawa gida-gida suna cike fom na wani binciken lafiya. A kan kowane fom ake biyanmu, ba a kan yini ba. Damina ce, saura ƙauye ɗaya, muka iske ruwa ya cinye hanya, direba ya ce ko za a yanka shi ba zai sa motar nan a ciki ba, ga shi washegari ake karɓar fom a rufe biya. Mu huɗu muka zauna a gindin wata darbejiya a bakin kasuwa muka cike su tas. Muka ƙago mata, muka ba su shekaru, muka ba su 'ya'ya, muka kashe wasu daga cikin 'ya'yan don kar abin ya yi kyau da yawa, har muna tsokanar ɗaya daga cikinmu wai duk matansa 'ya'ya tara-tara gare su ya rage. Muna canza biro don kar rubutu ya zama iri ɗaya. Ba wanda ya koma ƙauyen ya duba, aka biya mu, na sayi takalmi. A lokacin wallahi ban ɗauke shi sata ba, gani nake dabara ce ta fita daga matsi, kowa ma yana yi. Matan nan da muka haifa a gindin bishiya suna nan cikin wani rahoto a wani wuri, ƙila an raba magani ko gidan sauro da lissafinsu. Yanzu da ake aiki da waya, manhajoji irin su ODK da Kobo suna rubuta wurin da kake da lokacin da ka buɗe fom da lokacin da ka rufe, fom ɗin minti arba'in in ka gama shi a minti uku za a gani, amma fa sai in akwai wanda ya zauna ya duba.

Abin da na kasa ganewa a wancan lokacin shi ne da zarar kuɗi da sa hannu sun shiga, ƙarya a bincike ta tashi daga abin kunya tsakanin malamai ta koma zamba. Eric Poehlman farfesa ne a jami'ar Vermont, sananne a binciken ƙiba da tsufa da ɗaukewar al'adar mata, wani matashin ma'aikacinsa ne ya lura lambobin marasa lafiya suna canzawa duk sanda fayil ya je hannun maigida ya dawo. A 2006 kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya da kwana ɗaya, ba don maƙalolin ƙaryar da ya wallafa ba, don ya sa alƙaluman ƙarya a takardar neman kuɗin gwamnati. Wani kuma mai suna Dong-Pyou Han a jami'ar jihar Iowa ya riƙa gauraya jinin zomaye da sinadaran garkuwar jikin ɗan Adam don a ga kamar rigakafin ƙanjamau da suke gwadawa yana aiki, a 2015 ya samu wata 57 a gidan yari da umarnin ya biya dala miliyan 7.2.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai na jami'ar Duke ne, saboda yadda asirin ya tonu. Wata ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin da ake auna numfashin ɓeraye, malamai da yawa masu binciken cututtukan huhu ita suke kawo wa aiki ta auna ta ba su lambobi, su kuma su rubuta maƙala su nemi tallafi da su. Shekara da shekaru lambobinta suna fita tsaf-tsaf yadda ake so, ba wanda ya ce anya. A 2013 aka kama ta, ba a kan ɓeraye ba, a kan ta yi sayayyar kanta da katin kuɗin jami'a ta kawo rasit na bogi, kuɗin ya ɗan haura dala dubu 25. Sai bayan nan aka ce to bari a leƙa aikinta, aka iske wasu gwaje-gwajen ma ba a yi su ba sam. Wato rasit ne ya kama ta, lambobin ba wanda ya taɓa tambayar su. Wani abokin aikinta ya kai ƙara a madadin gwamnati, ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1863 da aka yi lokacin yaƙin basasarsu don maganin 'yan kwangilar da ke sayar wa sojoji alfadarai marasa lafiya da ruɓaɓɓen abinci. Dokar ta ce wanda ya karɓi kuɗin gwamnati da bayanin ƙarya ana iya sa shi ya biya ninki uku, wanda ya kwarmata kuma yana da kasonsa. A Maris 2019 Duke ta amince ta biya dala miliyan 112.5 a kan tallafi 30 na NIH da hukumar kare muhallinsu, mai kwarmaton ya tashi da miliyan 33.75. Ku lura, jami'ar ce ta biya, don ita ce ta sa hannu a yarjejeniyar, ita ce ta ce na tabbatar abin da ke cikin rahoton nan gaskiya ne. Mu ma nan an fito da tsarin ba wa masu kwarmato lada a ƙarshen 2016, kashi biyu da rabi zuwa biyar cikin ɗari, amma wannan na kuɗin da aka ɓoye a gida ko a banki ne, ban ga yadda za a yi da wanda ya saci gaskiya ya bar kuɗin cif-cif da rasit ɗinsu ba.

Zuwa nan dai ina tare da takardar ɗari bisa ɗari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ka karɓi kuɗin mutane ka ce za ka auna, to ka auna. Sai na kai can baya, wani rataye da aka liƙa daga ɓangaren kamfanin, ƙananan rubutu, inda aka ce duk bayanan da aikin ya samar sirri ne kuma mallakin kamfani ne, ba za a wallafa ko a gabatar a taro ko a bayyana wa wani ba sai da izininsu a rubuce. Ba wa'adi, ba togiya. Na koma sama na sake karantawa. Wato shafi na goma sha wani abu ya ce in na yi ƙarya na shiga uku, shafi na talatin da wani abu kuma ya ce in na gano gaskiyar da ba ta yi musu ba sai sun ga dama zan buɗe baki. Duk a takarda ɗaya, sa hannu ɗaya.

Irin wannan jimlar ta taɓa cin wata mata mai suna Betty Dong, masaniyar harhaɗa magunguna a jami'ar California da ke San Francisco. A 1987 kamfanin da ke yin Synthroid, maganin da ake ba wa waɗanda ƙwayar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo ba ta fitar musu da isasshen sinadari, ya ba ta dala dubu 250 ta kwatanta nasu da wasu guda uku masu araha. Sun zaɓe ta ne suna kyautata zaton nasu zai yi fice. Zuwa 1990 ta gama, sakamako ya ce duk kanwar ja ce, masu arahar ma suna aiki daidai da mai tsadar. Kamfanin, wanda a lokacin ya koma hannun wani kamfani mai suna Boots, ya shafe shekaru yana sukar yadda aka yi aikin, jami'a ta bincika ba ta ga abin da zai rushe sakamakon ba, mujallar JAMA ta karɓi maƙalar za ta fito a Janairun 1995, saura kwanaki kaɗan ta janye ta da hannunta. Me ya sa? A kwantiragin da ta sa wa hannu akwai layin nan na ba wallafawa sai da izini a rubuce, layin ya saɓa wa ƙa'idar jami'ar kanta amma ta riga ta sa hannu, lauyoyin jami'a suka ce mata in aka maka ki a kotu ke kaɗai ce. A shekarar aka sayar da sashen magunguna na Boots a kan dala biliyan 1.4. Sai da jaridar Wall Street Journal ta fasa ƙwai a 1996 sannan maƙalar ta ga rana a Afrilun 1997, shekara bakwai bayan an san amsar, kuma masu binciken sun ƙiyasta da an koma masu arahar da an rage kashe dala miliyan 356 duk shekara. Ba ta ƙago lamba ko ɗaya ba, ba ta murɗe komai ba, a ma'aunin abubuwa ukun nan tas take, amma marasa lafiya sun yi ta biyan kuɗin banza saboda layi ɗaya da ba a tsaya an karanta da kyau ba.

Na Nancy Olivieri ya fi wannan ɗaci don can rai ne a ciki. Likitar jini ce a asibitin yara na Toronto a Kanada, tana kula da masu talasimiya, wata cutar jini ta gado 'yar uwar sikila. Ana yi musu ƙarin jini a kai a kai, ƙarin jinin kuma yana tara musu ƙarfe a zuciya da hanta, maganin da ke cire ƙarfen a wancan lokacin allura ce da ake maƙala musu da ɗan famfo tana ɗiga sa'o'i masu yawa kusan kullum, duk wanda ya yi jinyar ɗan sikila ya san me wannan ke nufi ga yaro. To sai ga ƙwaya da za a haɗiya kawai, deferiprone, kowa ya sa rai. Kamfanin Apotex ya shigo da kuɗi a 1993, kuma a yarjejeniyar ɗaya daga cikin gwaje-gwajen akwai sharaɗin ba za ta bayyana sakamako ba tare da izininsu ba har shekara guda bayan an gama. A 1996 ta ga a wasu marasa lafiyar ƙwayar ta daina rage ƙarfen yadda ya kamata, kwamitin ɗa'a na asibitin, mai sa ido kar bincike ya cutar da waɗanda ake gwaji a kansu, ya ce ta gyara takardar neman amincewa ta sanar da su. A watan Mayu kamfanin ya dakatar da gwajin ya kuma gargaɗe ta da shari'a in ta faɗa wa kowa, har da marasa lafiyarta. Ta faɗa. Ta kuma wallafa a mujallar likitanci ta New England a 1998. Abin da ya biyo baya shekaru ne na wahala, an cire ta daga muƙaminta an mayar, an yi ta aika wasiƙun ɓatanci ba suna waɗanda daga baya gwajin ƙwayar halitta ya nuna wani abokin aikinta ne ya rubuta, kuma duk a lokacin jami'ar Toronto tana tattaunawa da kamfanin a kan wata gagarumar gudummawa ta gini. Rahoton da ƙungiyar malaman jami'o'in Kanada ta sa aka yi ya fito a 2001, ya wanke ta, ya ce asibitin da jami'ar ba su tsaya mata yadda ya kamata ba.

Don adalci, kamfanin ya musanta fassararta, wasu masana ma sun saɓa mata, an ba wa maganin lasisi a Turai a 1999, Amurka ta amince da shi a 2011, yau ana amfani da shi. To ko da a ce ita ce ba ta fahimci alƙaluman daidai ba, ai a fili ake warware wannan, ta kawo nata su kawo nasu masana su duba. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne likita ta ga abin da take tsoron zai cutar da yaron da ke gabanta a ce mata yi shiru akwai kwantiragi. Yaron nan bai sa hannu a kwantiragin ba, uwarsa ba ta taɓa ganinsa ba. Bayan waɗannan rigingimun ne editocin manyan mujallun likitanci suka haɗu a Satumbar 2001 suka ce za su iya ƙin buga aikin da mai ba da kuɗi ya riƙe bayanansa ko yake da ikon hana wallafa shi, daga 2005 kuma suka ce sai an yi wa gwajin magani rajista a fili tun kafin a fara, don kar wanda bai yi daɗi ba ya ɓace kamar ba a yi ba.

Mu a arewa ba sai an ba mu labarin mutumin da ba ya cikin yarjejeniya amma a jikinsa ake aikin ba. A 1996 da annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da dubu goma, Pfizer ta zo Asibitin Zana a Kano ta gwada maganinta Trovan a kan yara, wajen 200 ne suka shiga gwajin, rabi aka ba su Trovan rabi aka ba su ceftriaxone, 11 suka rasu, biyar a nan shida a can. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su kuma an nemi amincewar iyaye da baki, iyaye da dama suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Amma abin da ya shafi maganata shi ne wasiƙar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996, wadda daga baya ta bayyana an rubuta ta ne bayan an gama komai aka mayar mata da kwanan wata baya. Takarda ta cika, fayil ya yi kyau, sharaɗi ya cika a idon mai duba fayil. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, amma kafin nan an riga an yi asarar da kuɗi ba ya biya, don lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003 har Kano ta dakatar da ita sai tsakiyar 2004, sunan Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Har gobe in ka shiga ƙauye da fom da 'yar na'ura za ka haɗu da dattijon da zai tambaye ka jinin ina za ku kai. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da aka fitar a 2007 sun tanadi abubuwa da yawa, har da cewa ba a fitar da samfurin jini ko makamancinsa waje sai da yarjejeniya ta musamman, a takarda kam ba mu da talauci.

Inda muke da talauci shi ne wanda zai karanta. A jami'o'in da suka ci gaba akwai ofis guda wanda ba abin da yake yi sai tsefe irin wannan takarda, malami ba shi da ikon sa hannu shi kaɗai. A wurare da yawa a nan takardar tana bi ta tebur huɗu ko biyar kowa yana neman abu ɗaya, nawa ne kason jami'a, ta wane asusu za a shigo. In an gama aiki odita zai zo ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya, na mai, na otal, na biro, in naira dubu biyu ta ɓata sai ka yi bayani, amma ban taɓa ganin wanda ya ce kawo fom ɗin asali guda ashirin mu koma ƙauyen mu ga ko matan suna nan ba. Wani babban jami'in TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ya taɓa fitowa ya ce wasu malamai suna sayen motoci da gina gidaje da kuɗin bincike, aka yi ta ce-ce-ku-ce, ni kuwa abin da ya fi damuna ba motar ba ce, rahoton da aka miƙa a madadin aikin da ba a yi ba, don mota za ta tsufa a sayar, shi kuwa rahoton ɗalibi zai ɗauko shi ya kafa hujja da shi, wani ya kafa da na ɗalibin.

Da safe na shiga ofishin Farfesa ban sa hannu ba. Na gaishe shi na ce ranka ya daɗe akwai wani layi da nake son ka gani. Ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya ce Malam shekara nawa muna neman abin nan, yanzu ka tayar da magana su ce mun cika fitina su kai wata jami'ar? A bar kaza cikin gashinta, da babu gara ba daɗi, kuma na'urar nan ai za ta yi aiki in sha Allahu. Na ce Allah ya sa, amma in ba ta yi ba fa, in tana nuna wa mace jininta lafiya alhali ya yi ƙasa, ta koma gida ta zo haihuwa? Ya yi shiru ya ɗan jima, ba mugun mutum ba ne, shi ya koya min rabin abin da na sani, gajiya ce kawai irin ta wanda ya ga tallafi da yawa sun kuɓuce. Daga ƙarshe ya ce rubuta musu, amma da ladabi, kuma ka sa ni a kwafi.

Abin da na roƙa ba yawa. Su ga maƙala kafin a tura, kwana sittin, in akwai sirrin ƙirar na'urarsu a ciki su ce a cire, in suna son rajistar mallakar fasaha a ƙara musu ɗan lokaci, amma ba su da ikon hanawa ko sauya sakamako. A rubuta ƙarara cewa ba abin da zai hana mu sanar da kwamitin ɗa'a da NAFDAC da su matan kansu duk abin da ya shafi lafiyarsu, nan take ba jiran izini. Kwafin bayanan asali ya zauna a wurinmu. Sai na ƙara ɗaya wanda ba su san dalilinsa ba, a biya masu cike fom a kan yini ba a kan adadin fom ba, a kuma ware kuɗin mai na komawa wasu gidajen a sake tambaya.

Matar da ke kula da kwantiragi a jami'ar ta waje ta amsa cikin kwana biyu, da fara'arta, ta ce duk ba matsala a wurinsu, wai ratayen tsohon samfurin kamfanin ne, su ma a tasu yarjejeniyar da kamfanin sun sa an canza wannan layin tun farko don ƙa'idarsu ba ta yarda da shi ba. Na karanta wannan jimlar sau uku. Su ba za su sa masa hannu ba, amma ya biyo cikin tamu, kuma da wuta ba ta ɗauke ba a daren nan da yanzu yana can cikin fayil da sunana a ƙasa.

Yanzu dai takardar tana wurin lauyoyin kamfanin, sati na uku ke nan. Kullum na wuce ƙofar Farfesa sai ya ɗago kai ya ce Malam, mutanenka sun amsa? in ce tukuna ranka ya daɗe. Rufin ɗakin yana nan yadda yake, hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma biyu daga cikin asibitocin da za mu yi aikin a hayin rafi suke.